Dutsen Kaka Maku a Kasuwar Gwanjo

Ranar da aka mayar wa Padi kwalabensa biyu na giyar neman aure, Koryo ba ta yi kuka ba. Tana tsaye a bayan labule ta ga Baffa Odonko, yayan marigayi ubanta, ya turo su da ƙafa, ba ma da hannu ba, suka gangara a kan siminti suna ƙara.

"Ɗauki giyarka, yaro. Ƙofar gidan nan ba ta ji ƙwanƙwasarka ba."

Padi yana durƙushe, hannuwansa duk tabon wuta. "Baba, me na yi?"

"Tambayi wayarka. An ce har Turawa sun karanta a ƙarƙashin sunanka cewa kai maƙaryaci ne. Wanda ƙaryarsa ta haye teku, mu maƙwabta ina za mu tsaya?"

Maa Ladje, uwar Koryo, ta ƙara gishiri daga kan kujerarta. "'Yata shekararta ashirin da bakwai, ta wuce wasa da toka. Mai dakan kwalba ya je ya nemi 'yar mai dakan kwalba."

Koryo ta san inda gizo yake saƙa. Padi maƙerin duwatsun ado ne kamar ubansa. Ya daka fasassun kwalabe a turmi, ya tankaɗe, ya zuba garin a 'yan ramukan yumɓu, ya soka tsinken rogo a tsakiya domin ƙofar zare, ya gasa a murhun ƙasar suri. Bara ya gaji da dillalan kasuwar Agomanya, ya buɗe suna a shafin gwanjo na intanet, inda ake sa kaya mutanen duniya su yi ta tayi har lokaci ya cika, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Wata uku yana ciniki lafiya lau.

Sai Narteh ya ji labari.

Narteh ne uban wannan harka a garinsu, Odumase. Da ita ya gina bene, da ita ya sayi farar mota. Yana bin tsofaffin mata gida-gida yana karɓe musu duwatsun gado da kuɗin cefane, ya sayar wa 'yan Amurka da dala. Kuma ya daɗe da sa wa Koryo ido.

A wannan kasuwa akwai doka guda. Wanda bai saya ba, ba shi da baki. Wanda kuwa ya saya ya biya, an ba shi layi ɗaya ya rubuta abin da ya ga dama a ƙarƙashin sunan mai kaya, rubutun ya zauna kamar tsagar fuska. Narteh ya sa mutum uku suka sayi 'yan ƙananan kaya wurin Padi, suka biya, suka rubuta cewa maƙaryaci ne, kayansa jabu, kada kowa ya kusance shi. Daga ranar ko ƙuda bai sake sauka a kan kayan Padi ba. Sai daga baya aka lura cewa gidaje ukun da Padi ya aika wa kayan a birnin Tema duk a layin shagon ƙanwar Narteh suke.

Da yammacin ranar Koryo ta same shi a gaban murhu, kwalaben biyu a gefensa.

"Kada ka fasa su," ta ce. "Kada ka daka su. Ajiye mini su."

"Koryo, magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba. Koya mini harkar gwanjon nan. Da wuƙar da Narteh ya yanka ka zan yanka shi, kuma shi zai wasa mini ita da hannunsa."

* * *

Ta buɗe sabon suna a shafin, ta sa masa sunan kakarta, Maku. Duwatsun Padi za ta riƙa sayarwa, tana aikawa daga gidan waya na Koforiduwa domin kada wani idon gari ya gani.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Koryo a goye ta fara kasuwa, uwarta ta shekara talatin tana sayar da atamfa. Abin da ta sani shi ne ka faɗi kuɗi can sama, mai saye ya taya can ƙasa, ka ce albarka, a haɗu a tsakiya. Sarƙar farko da ta sa, daga dala tamanin ta fara ta, ta zauna jiran a zo neman ragi. Kwana bakwai ko sallama babu wanda ya yi.

Padi ya yi dariya karon farko tun ranar kwalabe. "Ke, nan ba Agomanya ba ce. Wannan kasuwa da ka take tafiya, ƙafafu a sama. Daga ƙasa ake farawa."

Ta sake sawa daga dala ɗaya. Wani ya taya biyu. Ta zabura za ta janye kayan.

"Dala biyu? Aikin kwana huɗu? Uwarsa ce ta daka kwalbar?"

Ya riƙe mata hannu. "Bari. Tsaba kika watsa. Kaza ɗaya ta zo, saura suna kallonta."

Ranar ƙarshe, saura minti uku, wasu mata biyu da ba su taɓa ganin juna ba suka kama kokawa a kan sarƙar, ta tashi a dala sittin da huɗu. Nan Koryo ta gane cewa ɗan Adam, fari ne ko baƙi, ba ya son abu sai ya gan shi a hannun wani.

Sauran kuwa da tuntuɓe ta koye su. Ta daina ɗaukar hoto a kan zanen gadonta mai furanni, ta koma farin ƙyalle a inuwar mangwaro da hantsi, da kwabo a gefe don a ga girman abu. In dutse yana da tabo, tabon take fara nunawa, domin mai saye yakan yafe aibin da aka gaya masa, amma ba ya yafe wanda ya gano da kansa. Sabo ta ce sabo ne. Wata tsohuwa ta dame ta da tambaya har sau tara a kan tsawon zare, ta amsa mata tara ɗin ba tsaki, sai ga tsohuwar ta zama babbar mai sayenta.

Amma uwar darasi ita ce lokacin rufewa. Ana sa gwanjo ya ƙare Lahadi da magaribar garinmu, lokacin da 'yan Amurka suka dawo daga coci, suka ci suka ƙoshi, suka miƙe ƙafa suna danna waya. Wanda ya rufe da safiyar garinmu, masu barci ya yi wa talla. Ta kuma lura da yadda tsofaffin 'yan hannu ke saye. Ba sa tayi da wuri a san da su. Suna shawagi can sama kamar shaho, sai saura daƙiƙa biyar su faɗo, kafin kowa ya ɗaga hannu ƙararrawa ta buga.

Cikin wata biyar sunan Maku ya tara yabon mutum arba'in da ɗaya. Kuɗin suna ajiye, na sabuwar ƙwanƙwasa da kayan aure ne.

A gida kuwa wuta ba ta lafa ba. Narteh ya zama ɗan gida. Shi ne buhun shinkafa, shi ne kai Maa Ladje Akara wurin likitan ido. Har ta yarda ta ba shi dutsen Kaka Maku ya kai a sake masa zare saboda bikin da take fata tsakaninsa da Koryo.

Dutsen nan bodom ne, wato tsohon dutsen wuya mai tsada, ruwan gwaiduwa, girman ƙwan zabo. Daga uwa zuwa 'ya ya wuce wuya biyar. Da shi Koryo ta yi bikin dipo tana 'yar sha biyar, ranar da aka fito da su gari ya shaida sun zama mata. A ranar ta yi tuntuɓe ta faɗi, dutsen ya ɓalle a gefe kamar yankan farce, uwarta ta kwashe ta da mari a gaban jama'a.

Da Narteh ya dawo da shi yana ƙyalli, Koryo ta juya shi a hannu sau ɗaya, babban yatsanta ya nemi ɓallin ya rasa.

* * *

"Maa, wannan ba dutsen Kaka ba ne."

"Rufe mini baki."

"Taɓa ki ji. Ina inda na ɓalle? Ina inda kika mare ni a kansa?"

"Ya gaya mini. Ya sa an goge wurin da yashi. Gyara ya yi miki, marar godiya."

"Ba a goge rami, Maa, sai dai a cike shi. Wannan bai kai wata biyu da fitowa daga wuta ba. An shafa masa manja da hayaƙi ne."

"Bakin wancan mai tokar nake ji a bakinki!" Maa Ladje ta buga sanda. Sai kuma muryarta ta karye. "Koryo, zo nan. Matso, ba na ganinki daga can."

Koryo ta durƙusa. Uwar ta laluba fuskarta da hannu biyu.

"Idona tafiya yake yi. Likita bai ɓoye mini ba. Fuskarki yanzu kamar ta cikin ruwa nake ganinta. Ni na sha rana shekara talatin a rumfa, ba na so ki sha hayaƙi talatin a bakin murhu. So nake in gan ki a gidan da ruwa ba ya zuba kafin duhu ya rufe ni. Laifi ne?"

Hawaye suka zubo wa Koryo har kan hannun uwar. "Ba laifi ba ne, Maa. Amma wanda ya saci abin wuyanki saboda ba kya gani, me zai bar mini ranar da na rufe ido a gidansa?"

"Kawo shaida. In ba ki da ita, kada ki sake kiran ɗan mutane ɓarawo a ɗakina."

Koryo ta janye fuskarta daga hannun uwar. Ta san in ta yi kururuwa yanzu, dutsen gaske zai nutse a wani akwati, ba mai sake ganinsa. Kifi ba a kama shi da ihu. Ta share fuskarta da gefen zane.

"Shi ke nan, Maa. Na yarda. Ki ce wa Baffa a sa rana."

* * *

Aka sa Asabar ta biyu. Narteh ya ɗauke ta a farar mota zuwa Somanya, ya sa aka kawo musu tuwon banku da gasasshiyar karfasa, yana ci yana lissafa mata ɗakunan bene.

Koryo ta ɓare masa kifi, ta yi murmushin da ya fi guba.

"Abu ɗaya ke damuna. Baffa ya ce wai shi bai taɓa ganin kuɗi sun fito daga waya ba. Wai ko dai tsafi kake yi."

Narteh ya ajiye loma. "Ni? Tsafi?"

"Ka san tsofaffi. Da a ce ranar nan, suna zaune, wayarka ta yi ƙara, ka ce musu ga shi yanzu na sayar da abu, da bakin kowa ya mutu. Ba ƙaramin abu ba fa. Abin da zai sa Baffa ya yar da lofensa."

"Asabar da safe? 'Yan Amurka na barci, 'yan mata. Ba ki san harkar nan ba."

"Au, ashe kai ma sai ka jira sun tashi? Na ɗauka sunanka ya wuce nan. To, bar shi kawai."

Namiji in an taɓa masa aljihu yakan yi haƙuri, in an taɓa masa girma hankalinsa ke fara tafiya. Ga kuma wani lissafi da Koryo ta riga ta yi masa: mace na shirin shigowa gidansa, ba zai so ta tarar da dutsen kakarta a akwatinsa ba.

Kullum da safe tana duba shafinsa kamar mai duba tarko. Ranar Asabar, saura kwana bakwai, sai ga shi. Bodom ruwan gwaiduwa a kan baƙin ƙyalle, wai daga wani ƙauye a Togo. Hoto na huɗu kuwa ɓallin ne, an matso da shi sosai, domin Narteh ya san aikinsa, ya san masu tara tsoffin kaya tabo suke so. Lokacin rufewa, Asabar mai zuwa, sha ɗaya na safe.

Ta tafi da wayar wurin Padi. Yana wanke duwatsu da yashi a kan faffaɗan dutse, bai ɗago ba.

"Amarya. An ce karfasar Somanya da daɗi."

"Duba nan."

Ya duba, ya daɗe. Ta gaya masa komai, ta ƙare da cewa tana son kuɗin ajiyarsu.

"Nawa?"

"Duka."

Ya miƙe tsaye, ruwan yashi na ɗiga daga hannunsa. "Wata biyar ina kwana da zafin wuta a ƙirji. Ki ɗauka ki miƙa wa Narteh, ki sayi abin da yake naki?"

"Ba dutsen kaɗai zan saya ba, Padi."

"To in wani ya fi ki tayi fa? In wani Bature ya kasa barci a ranar? Za a fito da ke gaban dattawa, a tambaye ki sau uku ko a karɓi giyarsa, uwarki na zaune tana jira. Me za ki ce?"

Ta mayar da ido kan wayar.

"Kin gani? Ba ki ma sani ba." Idonsa ya cika. "Ni na haƙura da sunana. Ga sabon suna yana tafiya, ga kuɗi sun taru. Da mun je Tema mun ɗaura aure a coci, wa zai hana? Amma ke kullum Narteh, Narteh. Da shi kike kwana, da shi kike tashi. Wallahi ƙin da kike masa ya fi son da kike mini."

Kamar ya watsa mata garwashi. Ta kama rigarsa tana kuka. "Kada ka faɗi haka. Ni na ga yadda aka turo maka kwalabe da ƙafa. Kai kana durƙushe ba ka ga fuskarka ba, ni na gani. In na gudu da kai, har mu mutu kai ne maƙaryacin da ya sace 'yar mutane, shi ne mutumin kirki. 'Ya'yanmu su taso su ji haka? Ta ƙofa nake so ka shiga gidanmu, ba ta taga ba."

Ya zare hannunta daga rigarsa a hankali.

"Kuɗin ki ɗauka, ke kika nemo su. Amma ba zan zauna a garin nan in ji ana miki guɗa a kan giyar wani ba. Ranar Asabar motar sha biyu zan shiga."

* * *

Asabar ta zo. An kafa rumfa a tsakar gida, an jera fararen kujeru. Dangin Narteh a gefe guda da kwalabe da atamfofi da akwati, dangin Koryo a ɗaya gefen, Baffa Odonko a tsakiya ya yafa zanensa na manya, lofe a baki.

Koryo tana ɗaki, an gama shirya ta, dutsen jabu a wuyanta. Ta ce wa mata su ba ta wuri za ta yi addu'a. Da suka fita ta zaro waya daga ƙarƙashin matashi.

Saura minti huɗu. Tayi yana dala ɗari shida da arba'in. Dutsen da a daren Lahadi zai haura dubu uku.

Saura minti ɗaya, wani ya farka a wata ƙasa ya ce ɗari bakwai. Wani ya ce ɗari takwas. Zufa ta keto mata ta wanke hodar goshinta. Yatsanta yana son dannawa, ta danne shi da ɗaya hannun. Ba yanzu ba. In ta nuna kanta yanzu za su bi ta.

Daƙiƙa ashirin. Ɗari takwas da casa'in.

Goma.

Shida.

Ta zuba duk abin da suka mallaka, ta danna, ta rufe ido.

Daga tsakar gida ta ji wayar Narteh ta yi ƙara, ta ji ya yi gyaran murya. Ta buɗe ido. Dala ɗari tara da goma, sunan Maku a sama. Nan take ta biya, ko numfashi ba ta ja ba.

A waje Narteh ya ɗaga waya sama. Kuɗin bai kai yadda ya so ba, amma fuska ba ta nuna ba.

"Baba, ku gafarce ni, ciniki ne ya faɗa. Wani ɗan tsohon dutse da na samo a Togo. Yanzu-yanzu, muna zaune, sama da sidi dubu goma sun shigo."

Mata suka yi shewa. Baffa Odonko ya cire lofe daga baki. "Ikon Allah! Daga zaune? Wane Bature ne wannan? Karanta mana sunansa mu ji, ko ma sa masa albarka."

Narteh ya duba yana murmushi. Murmushin ya bushe a inda yake.

"Karanta mana, ango."

"Ni zan karanta, Baffa."

Koryo ce a bakin ƙofa, ba a kira ta ba. Ta tako har tsakiyar rumfa, ta durƙusa ta gai da manya kamar yadda ya kamata, sannan ta miƙe.

"Sunan mai saye Maku. Inda za a kai kaya, gidan Maa Ladje, bayan cocin dutse, Odumase. Na rage maka kuɗin jirgi, Narteh. Na biya kuwa, ko sisi ban rage ba. Kawo mini kayana."

"Wannan wace irin magana ce?" in ji Baffa.

Ta miƙa masa wayarta a kan hoto na huɗu. Tsohon ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita. Yana wurin ranar da aka yi marin, bai manta ba.

"Ina dutsen nan yake?"

"Baba, kama ce kawai, duwatsu suna..."

"Ban tambaye ka kama ba."

"Yana gida... a'a, yana Akara..."

"Yana cikin mota," Koryo ta ce. "Ba ya barin kayan da ke gwanjo a gida, da bakinsa ya gaya mini a Somanya. Ƙarƙashin kujerar direba."

Baffa ya yi wa manyan 'ya'yansa biyu ido. Suka karɓi makulli, ba su daɗe ba suka dawo da ƙaramin kwali. Aka kwance, aka sa dutsen a tafin Maa Ladje.

Ba ta kai shi kusa da ido ba. Babban yatsanta ya zagaya, ya zagaya, ya tsaya. 

"Na mare ki a kan wannan," ta ce a hankali. "Na mare ki a gaban mutane." Ta juya inda take jin numfashin Narteh. "Kai kuma ka riƙe mini hannu ka tsallakar da ni titi a Akara, kana ce mini Maa. Ashe auna makantata kake yi."

Kawun Narteh ya ja zanensa ya rufe kai. Baffa Odonko ya miƙa ƙafa, ya tura kwalaben suka gangara.

Amma Narteh ba kwalabe yake kallo ba. Yatsan Koryo yake kallo, yana tafiya a kan waya. Shi kaɗai a wurin ya san abin da take yi. Ya zube a gabanta, farin wandonsa a ƙasa.

"Koryo, don Allah. Zan mayar miki da kuɗinki yanzu, in ninka. Dutsen kin samu. Kada ki rubuta. Shekara tara ina gina sunan nan, mutum dubu da ɗari biyu, ko ɗaya bai taɓa..."

"Padi wata uku ya yi yana gina nasa."

"Zan sa su roƙi a goge! Zan je in durƙusa masa!"

Baffa ya juyo. "Su wa za ka sa?"

Narteh ya kama bakinsa, amma magana zarar bunu ce.

"Riƙe kuɗinka," Koryo ta ce. "Ka ɗauka dutse na saya? Dutsen nawa ne tun kafin a haife ka. Baki na saya. Kai ka koya mini cewa a kasuwar nan sai wanda ya biya yake magana. Saurara, kada ka ce an yi maka ƙarya."

Ta karanta da ƙarfi, tana juya Turancin zuwa harshen gida domin tsofaffi su ji. "Wannan dutse na kakata ne. Mai kayan ya karɓe shi daga hannun uwata da ba ta gani, ya ba ta jabu. Ku da kuka saya a wurinsa, ku binciki naku."

"Koryo!"

Ta dube shi ido cikin ido, ta danna.

Ta cire jabun daga wuyanta ta saka masa a aljihun riga. "Wannan naka ne. Sa shi a gwanjo. Daga dala ɗaya ake farawa."

Sai a lokacin ta tuna da agogo. Sha biyu saura kwata. Daɗin da ke bakinta ya koma toka. Ta tattare zane ta nufi ƙofa da gudu.

"Koryo!" Muryar uwarta ce. Maa Ladje ta miƙe tana laluben iska, dutsen a hannunta. Koryo ta dawo, uwar ta rataya mata shi a wuya.

"Ki ce wa yaron nan kunnen ƙofata ya buɗe. Ya zo ya ƙwanƙwasa."

Ta fita ba takalmi, ta bi hanyar tasha, dutsen yana dukan ƙirjinta. Ba ta da sisi a duniya, ba ta kuma san ko akwai sauran wanda za ta gaya wa saƙon ba. A mararraba, inda hanya ta rabu, ta ɗaga kai don ta share hawaye.

Can bayan itatuwan mangwaro, daidai gidan su Padi, hayaƙi ne ke tashi, siriri, baƙi, irin na murhun da aka hura ba da daɗewa ba.

Ta tsaya tana haki, ta dafe dutsen. Wanda zai shiga motar sha biyu ba ya hura murhu.

Ta bar hanyar tasha, ta bi hayaƙin.